Ayyukan Jinƙai a Bangon Majami'a

Karatu: Matiyu 25:31-46, Afisawa 2:8-10

A yau za mu yi tafiya mai nisa, mu koma baya wajen shekara ɗari huɗu, mu shiga majami'u biyu na ƙasar Turai, ɗaya a birnin Napoli ta Italiya, ɗaya a birnin Sebil ta Sifen. Abin da zai kai mu can shi ne hotunan da ke rataye a bangonsu, gama hotunan nan wa'azi ne da aka yi da fenti, kuma kan maganarsu guda ne: me mai bi zai yi da matalaucin da ke kwance a bakin ƙofarsa?

Bari mu fara da abin da ya kawo irin wannan zane. A shekarar 1517 Martin Luta ya tashi a Jamus yana koyar da cewa ana samun ceto ta wurin bangaskiya kaɗai. Ikkilisiyar Turai ta rabu. A waɗansu garuruwan da suka bi sabuwar koyarwa, mutane sun fitar da hotuna da siffofi daga majami'u, suna tsoron kada abin ya zama bautar gumaka. Shugabannin Katolika kuwa suka yi babban taro a garin Tirento, daga 1545 zuwa 1563. A ƙarshen taron suka tsai da shawara cewa za a ci gaba da sa hotuna a majami'a, amma dole su koyar da jama'a labarin ceto, su kuma motsa zuciya zuwa ga ibada. Mu tuna, a zamanin nan yawancin talakawa ba su iya karatu ba. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Bangon majami'a shi ne littafin wanda bai shiga makaranta ba.

Daga nan aka sami salon zanen da masana suka ba suna barok, wanda ya yi ƙarfi a ƙarni na 17. Masu zanen wannan salo suna son duhu mai kauri da haske mai kaifi, kamar an kunna fitila a ɗaki da tsakar dare. Suna son motsi, da hawaye, da hannuwa a miƙe. Mutanen da suka zana suna da gumi da tamoji da kaushi a ƙafa, domin mai kallo ya ji kamar abin yana faruwa a gabansa ne yanzu.

Kan maganar da suka fi so a wajen taimakon matalauta shi ne abin da ikkilisiya ta daɗe tana kira ayyukan jinƙai bakwai. Shida daga cikinsu suna cikin nassin da muka karanta, inda Ubangiji ya ba da labarin ranar shari'a: ciyar da mayunwaci, shayar da mai ƙishi, saukar da baƙo, tufatar da huntu, duba marar lafiya, da ziyarar ɗan sarƙa. Na bakwai, watau binne matattu, an ƙara shi ne daga baya, an ɗauko misalinsa daga littafin Tobit, wanda ke cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika.

To, mu sauka a Napoli. A farkon ƙarni na 17 tana ƙarƙashin mulkin Sifen, tana kuma cikin manyan biranen Turai, cike da mutanen ƙauye da yunwa ta koro. Waɗansu samari bakwai 'ya'yan manyan gari suka riƙa haɗuwa kowace Jumma'a a asibitin marasa warkewa, suna yi wa majinyata hidima da hannunsu da aljihunsu. A shekarar 1602 suka kafa ƙungiya mai suna Piyo Monte della Misarikordiya, watau asusun jinƙai. Da suka gina majami'arsu, sai suka nemi wanda zai yi musu hoton da za a sa a bisa bagade.

Wanda suka samu mutum ne da ba za mu zaɓa dattijon ikkilisiya ba. Sunansa Karabajo, an haife shi a 1571. Gwani ne da babu kamarsa a zamaninsa, amma mafaɗaci ne, mai yawo da takobi. A watan Mayu na 1606 ya kashe wani mutum cikin faɗa a Roma, aka yanke masa hukuncin kisa, ya gudu. Yana cikin gudun nan ne ya iso Napoli, aka ba shi aikin. Ya gama a farkon 1607, aka biya shi dukat 400, kuɗi mai yawa ƙwarai a lokacin.

Tsawon hoton ya kusa mita huɗu. Kafin Karabajo, an saba zana ayyukan jinƙai ɗai ɗai, kowanne da gurbinsa. Shi kuwa ya tara su duka bakwai a lungu guda, da dare, kamar wata kwana ta cikin birnin Napoli. A gefen dama wani ma'aikacin ikkilisiya ya ɗaga jiniya, ana fitowa da gawa, ƙafafun mamacin kaɗai ake gani. Kusa da su wani tsoho ya leƙo da kansa ta tagar kurkuku, 'yarsa tana shayar da shi nononta tana waige don kada a gan ta. Wannan tsohon labari ne na Romawa, na mutumin da aka yanke wa hukuncin mutuwa da yunwa, 'yarsa ta raya shi a ɓoye. Da shi mai zanen ya haɗa ciyar da mayunwaci da ziyarar ɗan sarƙa. A tsakiya wani saurayi mai ado ya zare takobi yana raba mayafinsa domin wani huntu da ke zaune a ƙasa ya ba mu baya. Wannan Martin ne, sojan Roma na ƙarni na 4, wanda ya raba alkyabbarsa da wani maroƙi cikin sanyi a ƙofar garin Amiyan, daga baya ya zama bishop na Tur a Faransa. A cikin inuwa akwai wani gurgu da ake dubawa. A hagu mai masauki yana nuna wa matafiyi wurin kwana, a bayansu kuma Samson yana shan ruwa daga muƙamuƙin jaki. Can sama, Maryamu da jaririn Yesu suna duban wannan hayaniya, mala'iku biyu suna tare da su, ɗaya ya miƙo hannu ƙasa.

Abin lura a nan, 'yan'uwa, shi ne babu ko ɗaya daga cikin masu aikin da ya ɗaga kai ya dubi sama. Kowa ya dukufa a kan abin da ke gabansa. Ba su san Almasihu yana kallonsu ba. Haka nassin ya nuna mana: masu adalci za su yi mamaki a ranar nan, za su tambaya yaushe suka taɓa ganin Ubangiji cikin yunwa ko tsiraici. Sun yi alherin sun manta. Mu kuma dubi wanda ya riƙe burushin. Mai laifin kisa ne, marar wurin kwana na kansa, yana neman gafara. Bai sake ganin Roma ba. Ya mutu a hanya a 1610 yana da shekara 38. Wanda ya san ƙishin jinƙai shi ya iya zana shi haka. A 1613 shugabannin ƙungiyar suka yi doka cewa ba za a sayar da hoton ba ko nawa aka taya. Har yau yana nan a majami'arsu, ƙungiyar kuma tana kan aikinta.

Yanzu mu haye teku zuwa Sebil, inda za mu ɗan daɗe. Tun 1503 wannan birni ne ƙofar cinikin Sifen da ƙasashen Amurka. Azurfa da zinariya suna shigowa ta kogin Gwadalkibir, attajirai suna gina manyan gidaje. Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ciniki ya fara ja da baya, sa'an nan a 1649 annoba ta faɗa wa garin ta kashe wajen mutum 60,000, kusan rabin jama'arsa. Tituna suka cika da marayu da gwauraye da tsofaffin da ba su da kowa.

A garin akwai wata tsohuwar ƙungiya mai suna 'Yan'uwantakar Ƙauna Mai Tsarki. Aikinta shi ne wanda kowa ke gudu: tsamo gawar waɗanda kogi ya ci, ɗauke gawar waɗanda hukuma ta kashe, da binne matalautan da suka mutu a titi ba mai nemansu. A 1662 wani attajiri mai suna Migel Manyara ya nemi shiga cikinta. An haife shi a 1627, ɗan babban ɗan kasuwa ne da ya yi arziki da cinikin Amurka, ya tashi cikin daula da girman kai. A 1661 matarsa ta rasu ba su sami haihuwa ba. Rasuwar nan ta karya shi, ta sa ya dubi rayuwarsa ya ga ba kome a ciki. A ƙarshen 1663 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar, ya riƙe ta har mutuwarsa a 1679.

Manyara ya yi tunani mai sauƙi. In muna binne matalauci bayan sanyi da yunwa sun kashe shi a titi, me ya hana mu same shi tun yana da rai? Sai ya buɗe masauki inda marasa gida za su kwana su ji ɗumin wuta su sami abinci. Daga nan ya gina asibiti a cikin tsofaffin rumfunan da sarakuna ke ƙera jiragen ruwa, domin majinyatan da sauran asibitoci suka ƙi karɓa. Ya zuba dukiyarsa a ciki, daga baya ya bar babban gidansa ya koma zama a 'yan ɗakuna a asibitin. Ƙa'idar da ya rubuta wa 'yan ƙungiya ta bukaci su da kansu, manyan gari da attajirai, su ɗauko marar lafiya, su yi masa hidima, su ɗauki matalauta a matsayin iyayengijinsu, gama Almasihu ne ya zo cikin kamanninsu.

Sa'ad da aka gama ginin majami'ar asibitin, Manyara ya tsara abin da za a sa a bango kamar yadda mai wa'azi ke tsara kan maganarsa. Ya ba masu zane biyu na garin aikin.

Na fari shi ne Baldes Leyal, wanda ya yi hotuna biyu tsakanin 1670 da 1672, aka sa su daidai bakin shiga. A ɗaya, ƙwarangwal ɗin mutum yana tafe da akwatin gawa a hammata da lauje a hannu, ya taka duniya da ƙafa, ya sa hannu ya kashe kyandir. A ƙarƙashinsa an zubar da rawanin sarauta, da hular Paparoma, da takubba, da littattafai, da tufafi masu tsada. Sunan hoton an ɗauko shi daga 1 Korantiyawa 15:52, inda Bulus ya yi maganar ƙyiftawar ido. A na biyun, mai suna ƙarshen darajar duniya, muna cikin kabari. Ga gawar bishop da kayan sarautarsa tana ruɓewa, ƙwari suna bin ta. Ga gawar wani jarumi a naɗe da alkyabbar ƙungiyar mayaƙa ta Kalatiraba, wadda Manyara kansa ɗanta ne. Daga sama hannu mai tabon ƙusa ya sauko riƙe da ma'auni, zunubai a gefe guda, ayyukan tuba da ibada a ɗaya gefen. Attajirin da ya shigo sujada sai ya fara wucewa ta gaban kabarinsa.

Na biyu shi ne Muriyo, wanda ya shiga ƙungiyar a 1665. Shi mutum ne mai sanyin hannu, ya kuma san talakawan garinsu. Tun yana saurayi ya zana wani yaro maroƙi zaune a kango yana cire ƙwarƙwata daga rigarsa, hoton da ke Faris a yau. Tsakanin 1667 da 1670 ya yi wa majami'ar manyan hotuna shida, kowanne aikin jinƙai ɗaya, kowanne kuma daga Littafi Mai Tsarki. Domin ciyar da mayunwata, Yesu yana ciyar da taro da gurasa da kifi. Domin shayar da masu ƙishi, Musa ya bugi dutse ruwa ya ɓulɓulo, mata da yara da dabbobi suna rububin sha. Domin saukar da baƙi, Ibrahim yana marabtar baƙinsa uku. Domin tufatar da huntu, ɓataccen ɗa ya durƙusa cikin tsummoki, ubansa ya rungume shi, bara yana kawo sabuwar riga da takalma, ɗan kwikwiyon gidan yana tsalle don ya gane shi. Domin duba marasa lafiya, Yesu yana miƙa hannu ga shanyayye a bakin tafkin Betasda. Domin 'yan sarƙa, mala'ika yana fitar da Bitrus daga kurkuku. Aiki na bakwai yana kan bagade, inda masassaƙi Fedro Roldan ya sassaƙa jana'izar Yesu, domin 'yan ƙungiya su tuna cewa Ubangijinsu ma hukuma ce ta kashe shi, a kabarin wani kuma aka sa shi.

Mu lura da hikimar wannan zaɓi. A yawancin hotunan nan shida, mai yin jinƙan Allah ne da kansa. Shi ya ba da ruwan, shi ya ba da gurasar, shi ne uban da ya fito tarye, shi ya aiko mala'ikan. Attajirin da ya ɗaga kai ya duba ba zai ga kansa a wurin mai bayarwa ba. Wurinsa yana cikin taron mayunwata, ko kusa da ɗan da ya dawo tsirara. Sai bayan ya gane haka za a nuna masa abin da zai yi. Domin wannan Muriyo ya ƙara hotuna biyu. A ɗaya, Yohanna na Allah, wanda ya kafa asibitin matalauta a Giranada, yana ɗauke da marar lafiya a bayansa da dare, nauyi ya kusa kayar da shi, mala'ika ya tallafe shi. A ɗayan, Alisabatu 'yar sarkin Hangare, wadda ta rayu a ƙarni na 13, tana wanke kan wani yaro mai ƙuraje da hannunta a kan tasa, wani yaron yana gefe yana susa, wani mutum yana kwance ƙyallen gyambon ƙafarsa. Abin da ke cikin hoton nan shi ne abin da ke jiran 'yan ƙungiya a ɗakin majinyata, taku kaɗan daga inda su ke zaune.

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya a kan abu biyu. Na fari, ma'aunin nan na Baldes Leyal zai iya sa mutum ya zaci ana sayen ceto da sadaka, kuma lalle akwai masu arzikin zamanin da suka ba da kyauta da wannan tunani. A kan wannan batu ne Katolika da masu bin gyaran Luta suka yi ta muhawara. Manzo Bulus ya koya wa Afisawa cewa ceto kyautar Allah ce ta wurin alheri, ba ladan aikinmu ba, don kada kowa ya yi fahariya. Amma a aya ta gaba ya ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka, Yakubu kuma ya gargaɗe mu cewa bangaskiyar da ta sallami mayunwaci da fatan alheri kawai matacciya ce. Duk ɓangaren da mu ke, ba wanda nassi ya ba izinin wuce matalauci. A Holan ma, ƙasar da majami'unta suka kawar da hotuna, Rembaran ya zana komowar ɓataccen ɗa a ƙarshen rayuwarsa, hannuwan uban a kan bayan ɗansa, takalmin ɗan ya tsinke ya faɗi.

Na biyu, hoton matalauci ya fi matalauci sauƙin zama da shi. Hoto ba ya wari, ba ya roƙo, ba ya dawowa gobe. Attajiran Turai sun sayi hotunan yaran titi na Muriyo da tsada sun rataye a ɗakunansu, yaran kuwa suna nan a titi. Tarihin majami'ar Sebil ma ya nuna haka. A 1810, sa'ad da sojojin Napoliyon suka ci garin, babban hafsansu Sult ya kwashe hotunan Muriyo da dama. Huɗu daga cikin shidan nan ba su koma ba har yau. Ɓataccen ɗa yana Washinton, Ibrahim da baƙinsa suna Otawa, shanyayyen Betasda yana Landan, Bitrus yana San Fitasbag ta Rasha. Mutane suna tsayawa a gabansu a gidajen adana kayan tarihi, su yaba gwanintar, su wuce, ba majinyaci a ɗaki na gaba da zai jira su. A gurbinsu a Sebil an sa kwafi. Amma abin da soja bai iya ɗauka ba shi ne aikin. Har yanzu gidan da Manyara ya gina yana riƙe da tsofaffi marasa galihu, 'yan ƙungiyar kuma suna yi musu hidima.

Da Manyara ya ga mutuwa ta matso, ya yi wasiyya a binne shi a ƙasa a bakin ƙofar majami'ar, domin duk mai shiga ya taka shi, a kuma rubuta a kan dutsen cewa shi ne mafi mugunta cikin mutane, a yi masa addu'a. Mutumin da ya tashi ana ba shi hanya ya roƙi a bi ta kansa.

'Yan'uwa, yawancin majami'unmu ba su da irin waɗannan hotuna, ba kuwa lalle ne su samu ba. Muna da Maganar Allah a harshenmu, muna iya karanta Matiyu 25 da kanmu. Abin da Karabajo da Muriyo suka wahala suka zana, mu muna ganinsa da rai kowace Lahadi a hanyarmu ta zuwa sujada. Akwai gwauruwar da ke zama a bencin baya, wadda ta daina zuwa domin zanenta ya tsufa. Akwai ɗan'uwan da ke kurkuku, wanda ba a ƙara ambatar sunansa a taron addu'a ba. Akwai maƙwabci marar lafiya, ko na addininmu ne ko ba namu ba, gama Ubangiji bai ce a tambayi mayunwaci addininsa kafin a ba shi tuwo ba. Samarin Napoli su bakwai ne kawai, rana ɗaya a mako suka fara da ita. Kafin Lahadi mai zuwa, bari kowane gida, kowace zumunta, ta zaɓi ɗaya daga cikin ayyukan nan bakwai, ta kuma san sunan mutumin da za ta yi wa.

Mu yi addu'a. Ya Uba mai jinƙai, mun zo gare ka da yunwa ka ciyar da mu, mun dawo da tsummoki ka tufatar da mu da adalcin Ɗanka. Ka gafarta mana yawan lokatan da muka gan shi a bakin ƙofa muka kau da kai. Ka buɗe idanunmu mu gane shi, ka ƙarfafa hannuwanmu mu yi masa hidima ba tare da neman yabo ba. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Alherinsa ya kasance tare da ku duka.